Man kaɗanya, basilin ko loshan: wanne ya fi riƙe fata a hunturu?

Daga ƙarshen Nuwamba, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, man shafawar da ya yi wa mutum aiki tun damina sai ya fara gazawa. A shafa da safe, kafin azahar ƙwauri ya yi furu-furu, in aka ja farce a kai ya bar farin layi. Leɓe ya tsage, dunduniya ta fara faso, yara su kwana suna susa. Lokacin ne ake tsayawa gaban mai kanti ana shawara da zuci: a koma wa man kaɗanya ne, ko a ɗauki babbar robar basilin, ko kuwa a daure a sayi loshan ɗin nan mai tsada da ake ta talla a Instagram? Ga man kwakwa da man zaitun da giliserin a gefe, kowanne da masu yaba shi.

Iskar nan daga hamadar Sahara take tasowa, kuma kaso mai yawa na ƙurar da ke rufe mana sama daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram, danshin iska da rana yakan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 a Janairu da Fabrairu, alhali a watan Agusta yana haura 70. A saman fatarmu akwai wani siririn shimfiɗi da kitse na halitta ke liƙe shi, shi ke hana ruwan jiki tsirarewa. Busasshiyar iska tana zuƙe ruwan, mu kuma mu zo da ruwan wanka mai tsananin zafi da sabulu mai ƙarfi da soso mu wanke ɗan kitsen da ya rage. Daga nan sai tsagewa, sai ƙaiƙayi, sai susa, susa kuma ta buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Duk wani abin shafawa yana yin ɗaya ko biyu cikin ayyuka uku. Wani yana kulle ruwan da ke fata kada ya fita. Wani yana janyo ruwa ya riƙe shi a saman fata. Wani kuma yana cike ƙananan tsaguwa ya sa fata laushi. Mai zalla, ko na kaɗanya ne ko basilin, babu ruwa a cikinsa. Murfin randa ne: in randar babu ruwa, rufe ta bai ƙara komai ba. Shi ya sa wanda ya shafa mai mai araha a jikin da ke da sauran lemar wanka yake rigan wanda ya shafa mai tsada a busasshen jiki samun sauƙi. Duk hukuncin da zan yanke a ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Abubuwan da za mu auna da su

Na farko shi ne ƙarfin riƙe danshi. Tambayar ita ce, in an shafa da safe, zai kai la'asar?

Na biyu kuɗi. Farashi yana motsi daga wata zuwa wata, daga kasuwa zuwa kasuwa, don haka abin dubawa shi ne wanne ya fi wanne araha, kuma kwana nawa roba ɗaya za ta yi a gidan da ke da yara biyar. Loshan mai ruwa-ruwa da ake zubawa cike da tafi sau biyu a rana yana iya cin kuɗin da ya ninka na basilin sau da yawa kafin sanyi ya wuce, ko da kuwa a ranar saye farashinsu ya yi kusa.

Na uku daɗewa a ajiye: yana yin wari? Yana yin funfuna? Na huɗu sauƙin amfani, wato maiƙo da naso a tufafi da kwasar ƙura da kuma yadda yake tafiya da alwala. Na biyar haɗari, kuma a nan akwai abubuwan da ba a cika faɗa ba, musamman batun wuta da batun mayukan da ake cusa wa magani a ɓoye.

Basilin

Wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ne ya yi masa rajista a 1872, ya sa masa suna Vaseline, yau kuma kamfanoni da dama na yin irinsa. Daga ɗanyen man fetur ake tace shi. A wajen kulle ruwa babu wanda ya kamo ƙafarsa: likitocin fata suna cewa yana rage tsirarewar ruwa ta fata da fiye da kashi 98 cikin 100, alhali yawancin sauran mayuka masu kulle ruwa suna tsayawa ne tsakanin 20 da 30. Yana da araha, ɗan lakuce kaɗan yana isar ƙafa guda, kuma yana shekaru a ajiye bai yi wari ba. Da wuya a sami wanda fatarsa ta ƙi farin basilin marar ƙamshi, shi ya sa ma a asibiti ake sa shi a kan ƙananan raunuka.

Aibinsa sananne ne. Ba ya shiga fata, a sama yake zama, don haka yana da maiƙo, yana ɓata wuyan riga da zanin gado, kuma ƙura tana manne masa. Wanda ya lafta shi ya hau babur daga Kurna zuwa Sabon Gari, kafin ya sauka ƙafarsa ta yi ja da ƙasa. Maganin wannan shi ne a rage yawa: a murza ɗan kaɗan a tafin hannu har ya narke, a shafa a jiƙaƙƙen jiki, a goge rarar. Mai fama da ƙurajen fuska ya bar shi a leɓe da gefen hanci kawai.

A kula da irin wanda ake saye. Akwai wanda ake aunawa daga bokiti a zuba a robar da babu suna, wani mai launin rawaya ko kore, an cika masa turare don a danne warin kalanzir. Irin wannan ba a san yadda aka tace shi ba, kuma tacewar ita ce duk amincin basilin. A nemi fari, marar ƙamshi, mai lambar NAFDAC. Masu fama da haɓo suna iya shafa ɗan kaɗan a bakin hanci, amma kada a riƙa cusa shi can ciki kullum, domin maiƙon yana iya gangarawa zuwa huhu. Idan kuma yaro ya ƙone da ruwan zafi ko garwashi, abin da ke yawa a wannan lokaci, kada a garzaya da basilin ko man shanu. A fara sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, sannan a nufi asibiti in ƙunar ta yi girma.

Man kaɗanya

Wannan namu ne, kuma ina ganin muna raina shi fiye da kima. Itacen kaɗanya yana fitowa ne a wani ziri na Afirka daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Yuganda, Najeriya ce kuma kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yansa, musamman jihohin Neja da Kwara da Kebbi. Mata ne ke aikinsa tun daga tsinto har zuwa dafawa, shanyawa, dakawa, soyawa, niƙa, da kuma doguwar cuɗawa da ruwa har man ya taso fari a sama. Kamfanonin waje suna saye don cakulan da kayan shafawa, har ta kai a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida. A juya bayan robar loshan masu tsada da yawa, za a ga kaɗanya a jerin abin da ke ciki.

Falalarsa ita ce yana yin aiki biyu. Yana kulle ruwa, ko da bai kai basilin ba, kuma yana shiga ya tausasa fata, abin da basilin ba ya yi sosai. Yana narkewa da ɗumin jiki, bayan ɗan lokaci kuma ƙyallinsa ya kwanta, don haka bai kai basilin kwasar ƙura ba. A jikin babba mai busasshiyar fata, shafawar safe tana iya kaiwa yamma. A kasuwa yana da araha ƙwarai, amma da an zuba shi a 'yar kyakkyawar roba an liƙa masa takarda sai kuɗin ya ninka, alhali abu ɗaya ne.

Inda matsalarsa take shi ne ba duka ɗaya ba ne. Wani ya ƙone wajen suya, warin hayaƙinsa ya yi yawa. Wani ba a tace shi da kyau ba, ana jin tsakuwa-tsakuwa a ciki. Wani an bar masa ruwa, sai ya yi funfuna. Wani kuma an gauraya shi da wani kitse don ya yi auki. A wurin saye a lakuto kaɗan a murza a bayan hannu: mai kyau zai narke sumul, launinsa fari mai ratsin ruwan madara ko rawaya-rawaya mai haske, ƙamshinsa na kaɗanya ne da ɗan hayaƙi. Idan ya bugi hanci da warin tsohon mai, a bar shi. Mai kyau da aka rufe aka ajiye nesa da rana yana kai shekara ɗaya zuwa biyu.

Da sanyin asuba yana yin tauri, wannan kuma yana sa yara su ƙi tsayawa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a sa robarsa cikin ruwan zafi ya narke a hankali, a tace da ƙyalle mai tsabta, a zuba masa ɗan man kwakwa, a juya har ya huce. Zai zauna da laushi har ƙarshen sanyi. Kada dai a zuba ruwa a cikin haɗin, domin ruwa ne ke kawo lalacewa. A fuska kuwa, wasu yana karɓarsu, wasu yana fito musu da ƙuraje, sai an gwada a ƙaramin wuri tukuna.

Man kwakwa da man zaitun

Man kwakwa ba shi da nauyi, yana shiga fata da sauri, ƙamshinsa kuma ba ya damun mutane. Wani gwaji da aka yi a ƙasar Filifin aka wallafa a 2004 ya nuna yana gyara busasshiyar fata daidai da man ma'adinin da ake sa wa jarirai. Sai dai a muku-mukun sanyin Janairu ba ya kai wa yamma shi kaɗai, ana bukatar ƙari. Yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, kuma wannan hanya ce ta gane na gaskiya: kwalbar da ta kwana a ɗaki a Kano ko Jos cikin Janairu ta wayi gari ruwa tsululu, akwai abin da aka yi wa man. Ya fi kaɗanya da basilin tsada. Na gida da ba a ƙone ruwansa sosai ba yana saurin wari. Yana cikin mayukan da suka fi toshe ƙofofin gashi, don haka mai ƙurajen fuska ko na baya ya nisance shi.

Man zaitun yana da daraja a zukatanmu, kuma a matsayin abinci ya cancanci duk yabon da ake masa. A matsayin man shafawar yau da kullum kuwa, ina da ja. Masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Ingila sun gwada shi a kan mutum 19, aka wallafa a 2013. Bayan mako huɗu ana shafawa a hannu, sun ga ya raunana shimfiɗin nan na saman fata har ya kawo ɗan ja, alhali man sanfulawa bai yi haka ba. Gwajin ƙarami ne, amma ya isa ya sa uwa ta yi hattara da shafa wa jariri shi safe da yamma, balle yaron da fatarsa ke da saurin ƙaiƙayi. Ƙwayar cutar da ke kawo amosani da ƙyasbi ma tana samun abinci a irin wannan maiƙo. Ga tsada, ga yawan jabu. Babba mai lafiyar fata da ke shafawa jefi-jefi babu damuwa.

Man shanu da man gyaɗa, da wasu ke komawa gare su in babu wani, suna saurin wari a jiki, kuma man gyaɗa bai dace da fatar jaririn da ta tsage ba.

Giliserin

Shi ne mai janyo ruwa. Ana samunsa a kemis cikin 'yar kwalba, da araha, kuma yana daɗewa. Kuskuren da ake yi shi ne shafa shi zalla a busasshen jiki: sai ya yi danƙo, ya kwashi ƙura, ya yi zafi a wurin da ya tsage, kuma tunda iskar hunturu babu danshin da zai janyo daga gare ta, amfaninsa ya ragu. Yadda yake aiki shi ne a ɗiga ɗigo uku ko huɗu a jiƙaƙƙen tafin hannu, a shafa, sannan a bi da kaɗanya ko basilin a rufe. A haka, da kuɗi ƙalilan an haɗa ayyukan nan uku da loshan mai tsada ke tinƙaho da su. Masu haɗa shi da ruwa a kwalba su haɗa kaɗan-kaɗan, na 'yan kwanaki.

Loshan da kirim na kanti

A duba jerin abubuwan da ke bayan kusan kowace roba, za a ga ruwa ne na farko. Wannan shi ne ƙarfinsu, shi ne kuma rauninsu. Suna kawo ruwa da kansu, suna shiga nan take, ba sa ɓata kaya, ana iya shafawa a saka farar shadda a fita. Amma ruwan yana bin iska, kuma wanda ya yi tsululu har ana matso shi ta famfo ba ya jure hunturunmu fiye da 'yan sa'o'i. Kirim mai kauri na cikin gwangwani ko buɗaɗɗiyar roba, wanda in an kifa shi ba ya zubowa, shi ya fi dacewa da wannan lokaci. Nivea mai shuɗin gwangwani, wanda aka fara yi tun 1911, yana cikin irin waɗannan. Akwai kuma su CeraVe da Cetaphil da Eucerin da E45 da likitocin fata kan ambata. Masu seramaid a cikinsu suna mayar wa fata irin kitsen da ta rasa, kuma suna taimaka wa mai matsalar fata sosai. Sai dai kuɗinsu ya fi ƙarfin gidaje da yawa in za a shafa wa kowa, kuma saboda tsadar ne ake yawan yin jabunsu. A saya a babban kemis da aka sani. A duba ɗan hoton buɗaɗɗiyar roba a jiki: in an rubuta 12M, wata 12 ke nan bayan buɗewa. Mai turare da yawa yana iya ƙara wa tsagaggiyar fata ƙaiƙayi.

Babban haɗarin wannan rukuni shi ne mayukan ƙara haske, da kuma haɗe-haɗen da ake sayarwa ta waya cikin robar da babu jerin abin da ke ciki. Da yawansu akwai sinadarai masu cutar da fata, irin su sitiroyid ko haidirokwinon ko makuri. A makon farko fata takan yi sumul har mutum ya ɗauka ya dace, daga baya ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, gaɓoɓin yatsu su yi baƙi, kuma irin wannan fata ita hunturu ya fi wahalarwa. A 2023 hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Haka 'yan tub ɗin nan na maganin ƙuraje da wasu iyaye ke matsewa cikin man yara don jiki ya yi kyau: magani ne mai ƙarfi, ba a shafa shi sai likita ya rubuta, kuma na 'yan kwanaki. Ina roƙon iyaye mata da babbar murya su daina wannan haɗi.

Kirim mai yuriya

Wannan na kaushi da faso ne. Yuriya, wani sinadari da ake sawa a kirim, tana janyo ruwa, kuma in ta yi yawa tana narkar da mataccen kaurin fata. Mai kashi 10 cikin 100 ya isa ga ƙwauri da gwiwar hannu, dunduniya kuwa tana son mai kashi 20 zuwa 25. Yana da ɗan tsada, amma wuri kaɗan ake shafawa, don haka tub ɗaya yana jimawa. Yana yin raɗaɗi a fason da ya buɗe yana jini, sai a fara rufe shi da basilin har ya haɗe. Ba na jarirai ba ne.

| Abin shafawa | Riƙe danshi | Kuɗi | Daɗewa a ajiye | Sauƙin amfani | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Basilin | Mafi ƙarfi | Araha | Shekaru | Maiƙo, kwasar ƙura | Na aune marar suna |
| Man kaɗanya | Mai ƙarfi | Araha a kasuwa | Shekara 1 zuwa 2 | Tauri da safe, wari ga wasu | Gauraye, funfuna |
| Man kwakwa | Matsakaici | Matsakaici | Na gida ba ya jimawa | Yana shiga da sauri | Ƙurajen fuska |
| Man zaitun | Matsakaici | Tsada | Matsakaici | Sauƙi | Bai dace da jarirai kullum ba |
| Giliserin | Sai an rufe shi da mai | Araha | Yana jimawa | Danƙo in zalla ne | Raɗaɗi a tsaguwa |
| Loshan mai ruwa | Rauni | Yana ƙarewa da wuri | Duba kwanan wata | Mafi sauƙi | Turare, sinadarin bilicin |
| Kirim mai kauri | Mai ƙarfi | Tsada | Duba kwanan wata | Sauƙi | Jabu |
| Kirim mai yuriya | Mai ƙarfi a kaushi | Tsada kaɗan | Duba kwanan wata | Wuri kaɗan | Raɗaɗi, ba na jarirai ba |

Wuta da alwala

Duk waɗannan mayuka suna shiga zaren tufafi su bushe a ciki, kuma ƙyallen da ya sha mai yana kama wuta cikin ƙiftawar ido. Hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta daɗe tana gargaɗi a kan haka, ta ce ya shafi masu basilin a ciki da marasa shi, kuma wanki yana rage man ne kawai, ba ya fitar da shi duka. Mu kuwa a wannan lokaci ne ake kewaye kaskon garwashi ana jin ɗumi, mata suna tsayawa kan kaskon turaren wuta da zani ko doguwar riga, yara suna raɓar murhu da rigar sanyi. A riƙa sauya kayan barci da zanin gado ana wankewa akai-akai, a ja da kasko nesa da shimfiɗa, tsofaffi da yara kuma a sa musu ido.

Alwala kuma tana jiƙa hannu da fuska da ƙafa sau da yawa a yini, iska ta busar da su nan take, shi ya sa waɗannan gaɓoɓi suka fi tsagewa. Amma dama ce: bayan kowace alwala fata a jiƙe take, lokacin shafa mai ke nan. Ƙaramar roba a aljihu ko jaka ta wadatar. A shafa siriri, a murza ya narke, kada a bar shi ya yi dasƙare a kan fata, tunda malamai sun bambanta tsakanin maiƙon da ya bi jiki da wanda ya yi kaurin da zai tare ruwa. A wannan ɓangare kaɗanya da kirim sun fi basilin sauƙin sha'ani.

Wanka shi ma ya shiga lissafi. Ruwa ya zama mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kada a daɗe, sabulu ya tsaya a hammata da matse-matsi da ƙafa, a sassauta wa soso. A dangwale jiki da tawul ba tare da an goge shi ƙarƙaf ba, a shafa mai cikin minti uku.

Wa ya dace da wanne

Gida mai yara da yawa da kuɗi kaɗan: man kaɗanya mai kyau ga jiki, ƙaramin basilin ga leɓe da dunduniya da bayan hannu. In an ƙara kwalbar giliserin ɗaya, an gama. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi biyu ba ya ɗauki farin basilin, domin shi ne ya fi wuya a yi kuskure da shi.

Jariri: farin basilin marar ƙamshi, ko tataccen man kaɗanya, bayan ɗan gajeren wanka. Ban da man zafi mai kafur ko mantol, ban da mai turare. Cibiya kuma ba a sa mata ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai maganin kulohezidin da ake bayarwa a asibiti.

Yaron da fatarsa ke bushewa tana ƙaiƙayi a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu, abin da likitoci ke kira ekzima: a nan kirim mai seramaid marar turare ya cancanci kuɗinsa, sau biyu ko fiye a rana, da basilin a kai da dare. In babu hali, basilin kaɗai yana yin aiki. Rigar ulu kada ta taɓa fatarsa kai tsaye, a sa ta auduga a ciki.

Ma'aikaci ko ɗalibar da ba ta son maiƙo a kaya: kirim mai kauri da safe, kaɗanya ko basilin da dare lokacin da babu mai gani. Mai ƙurajen fuska ya raba man fuska da na jiki, ya nemi loshan marar nauyi da aka rubuta ba ya toshe ƙofofin gashi.

Ɗan acaɓa, mai tura baro, manomin rani da duk mai yini cikin ƙura: kaɗanya siriri da safe, safa da rufaffen takalmi, basilin bayan wankan dare. Birkila da mai wanki da mai wankin mota, waɗanda siminti da omo ke cin hannunsu, su shafa basilin kafin aiki da bayansa, su sa safar hannu in da hali.

Mai faso: a jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na minti goma, a goge kaushin a hankali da dutsen goge ƙafa, a shafa mai yuriya, a bi da basilin, a sa safa a kwanta. Ban da reza.

Tsofaffi, waɗanda fatarsu ta riga ta rage maiƙo, suna bukatar mai nauyi sau biyu a rana, kuma a taimaka musu da baya da ƙwauri inda hannu ba ya kaiwa. A goge tafin ƙafa kafin su taka siminti ko tayil saboda santsi.

Mai ciwon suga ya shafa wa ƙafarsa mai kullum amma ya bar tsakanin yatsu a bushe, ya duba tafin ƙafa kowane dare, kuma ko ƙaramin faso ne ya buɗe ya kai wa ma'aikacin lafiya ya gani. Haka duk wanda ya yi mako biyu yana shafa mai yadda ya kamata amma ƙaiƙayin bai lafa ba, ko wurin ya kumbura yana ruwa ko mugunya, ko ƙaiƙayin ya fi tsananta da dare kuma ya bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ƙarshe yana iya zama ƙazuwa, wadda babu man shafawar da ke kashe ta, sai maganin asibiti da za a ba duk gidan a lokaci guda.